Babu Wani Injin Sirri a Motar 'Yan Sandan Amurka

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu sha'awar motoci, wai motar da kamfani ya ƙera wa 'yan sandan Amurka tana ɗauke da inji na musamman wanda ba a sayar wa farar hula, kuma duk wanda ya yi sa'a ya sayi tsohuwarta a gwanjo ya mallaki gudun da kuɗi ba ya saye a shagon dillali. Fina-finan Amurka ne suka raini wannan magana, masu sayar da tsofaffin motoci suka ɗauke ta suka mayar da ita jari, sannan ta biyo jiragen ruwan dakon motoci ta iso kasuwannin Afirka ta Yamma, inda mai saye kan zaɓi mota daga hotunan gwanjon intanet ba tare da ya taɓa jin ƙarar injinta ba.

Maganar ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin kuɗin mutane. A cikin shekaru talatin na ƙarshe da manyan motocin Amurka masu ƙofa huɗu suka yi suna aikin sintiri, daga 1994 zuwa 2023, da wuya a sami lokacin da ta 'yan sanda ta fi takwararta ta farar hula mai gudu ƙarfin inji. Wani lokaci sun yi kunnen doki, sau da yawa kuwa ta farar hular ce a gaba, da tazara mai nisa. Abin da hukuma take biya kuɗi a kansa wani abu ne daban, wato juriya, ita kuwa juriya kaya ce mai ƙarewa. Lokacin da motar za ta fito gwanjo, hukuma ta riga ta ci mafi yawanta.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ya kamata a fara da Chevrolet, domin a nan ne tarihin ya juya wa masu wannan magana baya tun daga tushe. A shekarun 1994 zuwa 1996 kamfanin General Motors yana ƙera Caprice ta 'yan sanda, wadda aka sani da lambar 9C1, a masana'antarsa ta Arlington da ke jihar Texas. Wadda ta fi ƙarfi a cikinsu tana ɗauke da inji mai silinda takwas, mai girman lita 5.7, wanda ake kira LT1, mai ƙarfin doki 260. A wannan masana'anta ɗaya, a cikin waɗannan shekaru, an ƙera Impala SS domin farar hula. Injinta shi ne LT1 ɗin nan, ƙarfin dokinta 260, ba ƙari ba ragi. Hasali ma daga motar 'yan sandan aka samo ta: wani injiniyan kamfanin mai suna Jon Moss ya ɗauki kayan 9C1, ya rage tsayin motar daga ƙasa, ya sa mata faffaɗan taya mai inci 17, ya shafe ta da baƙin fenti, aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na SEMA a 1992. Duk wanda yake da kuɗi yana iya shiga shago ya fito da injin da ɗan sanda yake tuƙawa, tare da kujerun fata da shi ɗan sandan bai samu ba. Kusan 70,000 aka sayar kafin a daina ƙera ta a ƙarshen 1996.

Bayan Caprice ta bar fage sai Ford Crown Victoria ta gaje shi, ita ce kuma motar da duk mai kallon fim ya sani, baƙa da fara, da jiniya a ka. Ita ce uwar wannan tatsuniya, ita ce kuma ta fi ƙaryata ta. Crown Victoria Police Interceptor, wadda ake ganewa da lambar P71, tana da inji mai silinda takwas, lita 4.6, bawul biyu a kowace silinda. A 2003 ƙarfin dokinta 239 ne, daidai da na Crown Victoria ta farar hula mai salansa biyu. Daga 2004 har zuwa 2011 ya zama 250. Wannan shi ne iyakar abin da ta taɓa kaiwa.

A kan wannan shasi ɗaya kamfanin ya fitar da Mercury Marauder a 2003 da 2004 domin farar hula masu son gudu. Girman injinta lita 4.6 ne shi ma, amma mai bawul huɗu a kowace silinda, ɗan'uwan wanda aka sa wa Mustang Mach 1, da ƙarfin doki 302. Tazarar doki 63 ke nan a shekarar farko, 52 a ta biyu. Wani abin dariya a nan shi ne, ƙarin doki 11 da ta 'yan sanda ta samu a 2004 ya zo ne bayan an aro mata akwatin shaƙar iska irin na Marauder. Ta farar hular ce ta yi wa ta hukuma sadakar numfashi. Daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa, wato kilomita 97, Marauder takan ɗauki kimanin daƙiƙa bakwai da rabi, ta 'yan sanda kuwa takan haura takwas.

Domin mai karatu ya auna wannan da abin da ya sani: Toyota Camry ta 2007 mai silinda shida, wadda ta cika titunan Kano da Abuja, tana da ƙarfin doki 268, kuma ta fi Crown Victoria rashin nauyi da ɗaruruwan kilo. In aka jera su a danja aka saki wuta, ma'aikacin banki da ke cikin Camry zai bar ɗan sandan fim a baya, ba tare da ya san an yi tsere ba.

Abin bai sauya ba a zamanin da ya biyo baya. Ford Taurus ta 'yan sanda, daga samfurin 2013 zuwa 2019, mafi ƙarfinta tana da doki 365, daidai da Taurus SHO ta farar hula, domin inji ɗaya ne. Chevrolet Caprice PPV da kamfanin Holden ya ƙera a Ostareliya daga 2011 zuwa 2017 tana da doki 355, yayin da 'yar'uwarta Chevrolet SS ta farar hula take da 415. Dodge Charger Pursuit mai injin HEMI na lita 5.7 tana da 370, daidai da Charger R/T, amma a saman R/T akwai Scat Pack mai 485, a samanta kuma akwai Hellcat wadda ta fito a 2015 da doki 707. Wato farar hula yana iya sayen Charger mai kusan ninki biyu na ƙarfin wadda za ta bi shi da jiniya.

Ina injin sirrin yake a cikin wannan lissafi?

Abin da hukuma take saye

Akwai wani kuskure da ke tsaye daura da na farko, na masu cewa ashe motar 'yan sanda ta kowa ce da aka sauya wa fenti. Wannan ma ba gaskiya ba ne. Bambancin yana nan, yana da yawa, sai dai ba a inda ake nemansa yake ba.

A duba yadda motar sintiri take rayuwa. Ɗan sanda ya sauka daga aiki ya miƙa makulli ga wani, wannan ma ya miƙa ga na uku, injin bai huce ba. Mafi yawan wannan lokaci motar tana tsaye a gefen hanya, injin yana aiki, na'urar sanyaya tana aiki, rediyo da kwamfuta da fitilu da kyamara duk suna zuƙar wuta. Daga nan sai a kira shi, ya taka totur har ƙasa, ya haye dakalin titi, ya taka birki da ƙarfi sau goma a jere, ya sake tsayawa awa biyu. Motar gida da aka yi wa haka za ta yi zafi, batirinta ya mutu, birkinta ya saki tun kafin shekara ta zagayo.

Saboda haka kuɗin hukuma yana tafiya ne ga abubuwan da ba a gani daga waje. P71 tana da na'urar sanyaya baƙin mai ta daban, domin kada man injin ya tsinke saboda zafin tsayuwa. Tana da altaneta mai ba da wuta har amfiya 200 a samfurorin baya, domin ta ciyar da kayan lantarki ko da injin yana juyawa a hankali. Sifirinta ya fi tauri, cikinta ya fi nisa da ƙasa, domin ta ɗauki nauyin kaya ta kuma haye abin da ya tare ta. Farfelarta, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta alminiyom ce domin kada ta yi karkarwa a gudu mai yawa. Tayoyinta na ƙarfe ne zalla, waɗanda in sun lanƙwasa a kan dakali za a iya miƙar da su ko a sauya da araha. Kuma gangar jikinta a ɗaure take a kan shasi daban, irin ginin akori-kura, abin da ya sa gyaranta bayan karo yake da sauƙi.

Cikinta kuwa ba a yi shi domin jin daɗi ba. Roba ce a ƙasa maimakon darduma, domin a wanke amai da jini da ruwa. Kujerar baya sau da yawa leda ce ko roba mai tauri. Ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki. A bayan kujerun gaba akwai faranti na ƙarfe, domin kada wanda aka kama ya soki ɗan sanda ta baya. A Charger Pursuit an ɗauke sandar giya daga tsakiya an mayar da ita jikin sitiyari, domin a sami wurin ajiye rediyo da kwamfuta.

Ko babbar rigimar da ta taso a kan P71 tana nuna inda haɗarin aikinta yake. Tankin manta yana bayan aksul na baya, kuma an sami 'yan sanda da suka ƙone kurmus bayan wata mota ta daki tasu ta baya da gudu, yawanci suna tsaye a gefen babbar hanya. Ƙararraki da matsin lamba daga jihohi irin su Arizona suka sa Ford ta fara sa garkuwa a kewayen tankin, ta riƙa gwada motar da karo ta baya a gudun mil 75, wato kilomita 121, daga 2005 kuma ta fara ba da na'urar kashe gobara ga hukumar da ta nema. Ɗan sandan da ke cikin wannan mota ya fi bukatar kariya daga mai maye da zai dake shi yana tsaye fiye da ƙarin doki hamsin.

Yadda ake gwada motocin ma yana faɗin haka. Kowace shekara 'yan sandan jihar Michigan suna gwajin motocin sintiri, hukumomi da yawa a ƙasar kuma suna dogara da sakamakonsu wajen saye. Suna auna tashi da iyakar gudu, amma zuciyar gwajin ita ce zagaye 32 a filin tsere na Grattan, direbobi huɗu kowanne zagaye takwas, sannan taka birki sau da yawa a jere domin a ga ko zai saki in ya yi zafi. Abin da ake nema shi ne motar da za ta yi a zagaye na talatin abin da ta yi a na farko. Dokin sukuwa da raƙumin ayari duk dabbobin hawa ne, amma wanda zai tsallaka Sahara ya san wanda zai ɗaura wa kaya.

Inda maganar take da ɗan tushe

Adalci ya wajabta a faɗi abin da masu wannan ra'ayi suke riƙe da shi, domin ƙaryar da ta daɗe takan jingina da wata 'yar gaskiya.

Na farko shi ne iyakar gudu. Motocin zamani suna da kwamfutar da ke datse mai in an kai wani gudu. A Crown Victoria ta gida wannan iyaka tana wajen mil 110 a awa, wato kilomita 177. A P71 an ɗaga ta zuwa mil 129, kilomita 208, ko mil 119, kilomita 192, gwargwadon irin haƙoran da aka sa a aksul na baya. Ita kanta Marauder, duk da ƙarfinta, an datse ta ƙasa da mil 120. Haka nan Taurus ta 'yan sanda ta fi SHO nisan iyaka. Saboda haka a doguwar hanya miƙaƙƙiya, in aka ba ta lokaci, ta hukuma tana iya wuce ta farar hula.

Sai dai wannan ba ya nuna ƙarfin inji. Kamfani yana sa iyakar ne gwargwadon abin da taya da farfela za su iya ɗauka ba tare da sun tarwatse ba. An ba ɗan sanda taya mai jure gudu da farfelar da ba ta karkarwa, shi ya sa aka sassauta masa linzami. Hujjar tana komawa ne ga juriya. Kuma tana da wani gefe mai ban tsoro: wanda ya sayi tsohuwar P71 ya sa mata tayoyin gwanjo masu araha ya gaji sassaucin linzamin ba tare da abin da ya halatta shi ba.

Na biyu shi ne tarihi. A ƙarshen shekarun 1960 an yi motocin sintiri masu ban tsoro, irin su Dodge Polara ta 1969 mai injin 440, mai doki 375, wadda ta haura mil 140 a awa. Daga wannan zamani tatsuniyar ta samo asali. Amma ko a lokacin, injin 440 mai doki 375 yana cikin Dodge Charger R/T da kowane matashi mai kuɗi zai iya saye. Bayan haka dokokin hayaƙi suka zo, kuma dole injin da za a hau titi da shi ya sami shaidar hukumar muhalli, aiki mai tsada da babu kamfanin da zai yi shi domin 'yan motoci dubu kaɗan na sintiri alhali yana da injin da ya riga ya sami shaida.

Na uku shi ne yadda motar take ji a hannu. P71 tana da tauri, giyarta tana sauyawa da ƙarfi, malejinta an rubuta shi har 140, salansarta biyu. Direban da ya saba da laushin motar gida yana shiga sai ya ji kamar ya hau wani dodo. Ƙara da jijjiga suna ruɗin jiki, agogon awo kuwa ba ya jin ƙara.

Dalilin da ya sa hukuma ba ta neman doki 700

Mai tambaya zai ce, in haka ne me ya hana hukumomin sayen mafi ƙarfi, tunda ɓarawo yana iya sayenta? Amsar tana da sassa uku, kuma kowanne ya isa.

Kuɗi ne na farko. Hukumar da za ta sayi motoci ɗari biyu tana lissafin mai, taya, birki da inshora na shekaru, ba farashin rana ɗaya ba. Shi ya sa da yawa daga cikin Charger da Taurus na sintiri ma masu silinda shida ne, ba manyan injinan da aka ambata a sama ba. Wanda ya sayi tsohuwar Charger Pursuit yana zaton HEMI ce, yana iya buɗe bonet ya tarar da injin lita 3.6 mai doki 292, irin wanda ke cikin motocin haya.

Na biyu shi ne yadda ake kama mai gudu. Rediyo ne ke kama shi, da jirgi mai saukar ungulu, da ƙusoshin da ake shimfiɗawa a titi, da lambar motar da kyamara ta ɗauka. Komai gudun mota, saƙo ya riga ta isa mahaɗar gaba.

Na uku shi ne gawa. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya bayyana cewa daga 1996 zuwa 2015, mutum 355 ne a matsakaici suke mutuwa kowace shekara a haɗurran da suka shafi bin mota da 'yan sanda ke yi, kusan mutum ɗaya kowace rana. Binciken da jaridar USA Today ta wallafa a 2015 ya ƙirga fiye da mutum 11,500 tun daga 1979, fiye da 5,000 daga cikinsu fasinjoji ne ko masu wucewa da ba su ji ba ba su gani ba. Saboda haka birane da yawa suka taƙaita bin mota sai a kan manyan laifuka. Hukumar da take ƙoƙarin rage tsere ba ta da dalilin miƙa wa ɗan sanda mai shekara 23 doki 700 a titin da yara ke tsallakawa.

Da wani ya gwada, an ga yadda ta ƙare. A 2018 ofishin shugaban 'yan sandan gundumar Gwinnett a jihar Jojiya ya sayi Charger Hellcat a kan kusan dala 70,000 daga kuɗin da aka ƙwace a hannun masu laifi. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta ɗauki wannan a matsayin almubazzaranci, ta nemi a mayar da kuɗin. Motar kuwa daga kasuwar farar hula aka sayo ta, domin kamfanin bai taɓa ƙera Pursuit mai wannan inji ba.

Malejin da ba ya faɗin gaskiya

A nan ne tatsuniyar take zama asara. Mai sayen mota 'yar Kwatano ya saba duba abu ɗaya kafin komai, wato nawa maleji ya nuna. A motar gida wannan awo ne mai ma'ana, domin injin ba ya aiki sai ana tafiya. A motar sintiri kuwa rabin labari ne, wani lokaci ma bai kai rabi ba.

Kamfanin Ford da kansa ya san haka, shi ya sa daga samfurin 2006 ya sa wa P71 agogon da ke ƙirga awannin da injin ya yi yana aiki motar tana tsaye. Kamfanin ya kuma ba da ma'auni: kowace awa ɗaya ta irin wannan tsayuwa daidai take da tafiyar mil 33, wato kilomita 53, wajen lissafin lokacin sauya mai da duba inji. A ɗauki misali, motar da maleji ya nuna mil 100,000, agogon tsayuwa kuma ya nuna awa 5,000. A ninka 5,000 da 33, an sami mil 165,000. Injin da aka tallata a matsayin mai mil 100,000 ya yi aikin mil 265,000 ke nan. Awa 5,000 kuwa ba abin mamaki ba ne ga motar da ta yi shekara biyar tana sintiri, domin bai kai awa uku a rana ba.

Ga sauran abin da ke biyo baya. Rufin motar da but ɗinta suna da hudojin da aka bi da wayoyin fitila da eriya, in ba a toshe su da kyau ba ruwan damina zai same su. Wayoyin lantarkin an yanke su an haɗa, an sake yankewa lokacin cire kaya, bakaniken da zai bi sawunsu kuma ba shi da taswira. Ƙafafun motar sun sha dakali. Kujerar direba ta lotsa saboda nauyin ɗamarar ɗan sanda. Man da take sha na mota mai silinda takwas ne mai nauyin kusan tan biyu, a zamanin da tallafin mai ya zama tarihi. Kayan gyaranta kuma ba kamar na Toyota ba ne da za a samu a kowace kwana.

Ba a ce kowace tsohuwar motar hukuma shara ce ba. Akwai waɗanda manyan jami'ai ko masu bincike suka riƙe, ba su yi sintiri ba, an kuma kula da su a kan lokaci. Direbobin tasi a biranen Amurka sun daɗe suna sayen tsofaffin P71 suna ƙara musu dubban ɗaruruwan mil, domin sun san abin da suke saye: mota mai sauƙin gyara, mai araha, wadda kayanta suke ko'ina a ƙasarsu. Ba wanda ya yaudare su da zancen gudu. Wanda ake yi wa gargaɗi shi ne mai ƙara kuɗi a kan farashi saboda kalmar Interceptor ko Pursuit da ke manne a bayan but. In dillali ya ce injin 'yan sanda ne, amsar da ta dace ita ce a tambaye shi awannin tsayuwa nawa ne, a kuma nemi ganin agogon da ido. Gani ya kori ji.

Kasuwar Amurka kanta ta riga ta yanke hukunci. Tsohuwar P71 tana cikin motoci mafi araha a gwanjo, saboda an ƙera su da yawa an kuma ci moriyarsu. Marauder kuwa, wadda ba ta yi kasuwa ba a zamaninta har aka daina ta bayan an ƙera 11,052 kacal, yau masu tara motoci ne ke nemanta, haka ma Impala SS. Mutanen da suka fi kowa sanin waɗannan motoci suna zuba kuɗinsu ne a kan ta farar hula.

Ƙarshen zamani

Yau wannan muhawara ta kusa zama tarihi, domin irin motar da ake magana a kanta ta ƙare. Crown Victoria ta ƙarshe ta fito daga masana'antar St. Thomas a Kanada a watan Satumba na 2011, aka tura ta Saudiyya, ƙasar da alhazai suka saba ganin irinta a tituna. An daina Caprice PPV a 2017, Taurus a 2019, Charger mai injin HEMI a ƙarshen 2023. Abin da ya maye gurbinsu a sintiri shi ne manyan motoci masu tudu irin su Ford Explorer da Chevrolet Tahoe, waɗanda suka fi nauyi da tsayi. Hukumomi sun zaɓe su ne saboda suna ɗaukar kaya da yawa, kuma ɗan sanda mai sanye da sulke yana shiga ya fita cikin sauƙi sau hamsin a rana. Da gudu ne abin da ake nema tun farko, da ba a sauka daga Charger an hau Tahoe ba.

Saboda haka motocin sintirin da suka rage na wancan zamani za su ci gaba da fitowa gwanjo na wasu shekaru, kowace shekara kuma sun fi na bara tsufa da gajiya. Wasunsu za su hau jirgi su sauka a Kwatano ko Legas, a wanke su, a shafa musu mai, a ɗora musu labarin injin sirri. Mai son gudu ya nemi R/T ko SS ko Marauder, ya biya farashinsu. Mai son juriya ya nemi motar da ba a riga an cinye juriyarta ba. Wanda kuma ya nace sai ta 'yan sanda, ya fara da ninka awannin tsayuwarta da 33 kafin ya yi tayi.